Kajina da Takardar Inshora: Inda Ta Biya da Inda Ta Ƙi

Kakana ya bar ƙasar Katagum da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, da niyyar sauke farali. Suka bi ta Barno, suka ratsa Wadai, suka shigo ta Jinena da Fashir da Ubayyid, guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira na ƙasar Sudan. Lokacin ba a daɗe da gama madatsar ruwan Sinnar ba, wadda aka kammala a 1925, gonakin auduga suna neman hannu ido rufe. Ya ce bari ya yi cirar kaka guda ya haɗa kuɗin jirgin ruwa. Hajjin dai ya yi daga baya, amma Katagum ba ta sake ganinsa ba. A wani ƙauye da ke gefen Wad Madani aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan kuma na ƙarar da ƙuruciyata ina fama da kaji. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci.

Inna ba ta taɓa rasa kaji a tsakar gida ba. In baƙo ya sauka a yanka, in sabulu ya ƙare a kai ɗaya kasuwa. Kowace shekara kuma, da sanyi ya shigo, annoba kan bi gida gida. Ka ga kaza ta yi jugum, ta ƙi ci, tana kashi kore, wuyanta ya murɗe. Inna kan yanka waɗanda ba su kwanta ba mu ci nama har mu gaji, sauran a zubar a bayan gari. Ba wanda ke kiran wannan asara. In iska ta lafa sai ta karɓo kaza ɗaya wajen maƙwabciya, a sake tashi. Sai da na girma likitan dabbobi ya gaya mini ciwon nan shi ne Niyukasil, kuma ɗigon magani a ido ko a ruwan sha yana tare shi.

A 2004 na ɗauki adashe na sayi kaji masu ƙwai, 'yan ɗaruruwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne tsakanin Madani da Gadarif, shi ya yi mini rumfa da waya da kwano a bayan gida, shi yake taho mini da dawa da ƙulin gyaɗa daga can inda suka fi araha. Ƙwai kuwa ba ya kwana. Masu shaguna da masu sayar da wake a Madani kiret kiret suke ɗauka. Na fara ganin kuɗin da ba na roƙo ba.

Sai 2006. A watan Fabrairu muka ji a rediyo murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, muka yi ta jajanta wa 'yan'uwa na Najeriya. Ba a jima ba, a watan Afrilu, aka tabbatar da ita a Khartum da nan Jazira. Ko kaza ɗaya tawa ba ta kamu ba. Amma mutane suka ƙaurace wa ƙwai da naman kaza gaba ɗaya. Mai shagon da ke aiko yaro tun da asuba ya koma in ya hango ni sai ya kau da kai. Kaji kuwa ba su san kasuwa ta mutu ba, ci suke yi kullum, ƙwai na taruwa a cikin zafin bazara yana lalacewa. Na rabar da abin da zan iya, na sayar da kajin a wulaƙance ga masu ƙarfin halin ci, na rufe rumfa. Na ambaci wannan ne saboda mutane suna ɗauka asarar mai kiwo ita ce mutuwar kaji. Tawa ta farko kajin lafiyarsu ƙalau.

Maigida ya rasu a 2009 bayan jinya, ya bar ni da yara da rumfar da ba kowa a ciki sai gizo-gizo. Da na fita takaba, wata ƙawata da ke koyarwa ta ce in je banki. A wancan lokacin Babban Bankin Sudan ya umarci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na kuɗin da suke bayarwa domin ƙananan masu sana'a, saboda haka ƙofa ta ɗan buɗe ga irinmu. Ba kuɗi suke danƙa maka ba. Murabaha ake yi: banki ya sayi 'yan tsaki da abinci, ya sayar maka da riba sananniya, ka riƙa biya kaɗan kaɗan. Kafin ka fita sai ka sa hannu a kan cak. Duk wanda ya zauna a Sudan ya san nauyin wannan sa hannu. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi, kuma mun ga manoma da 'yan kasuwa da aka tsare aka ce su zauna har sai sun biya. Ni mace mai marayu, wannan shi ne abin da ya hana ni barci, ba mutuwar kaza ba.

Ma'aikacin bankin ya ce akwai sharaɗi ɗaya: dole kajin su kasance da inshora, ko ta'amin yadda muke cewa a nan. Na kai maganar wajen ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne ya zame mana uba, kuma malami ne mai almajirai.

Ya ce, "Ke 'yar nan, da girmanki za ki shiga caca? Ki ba da kaɗan, in kaji sun mutu ki kwashi da yawa, in ba su mutu ba kuɗinki ya bi ruwa. In wannan ba caca ba ce, to mece ce?"

Na ce, "Kawu, ni ba ajali nake son tarewa ba. Gidan yari nake gudu."

Ya yi shiru, ya ce in ba shi lokaci. Kawu ba ya yanke magana da ka. Ya shiga Madani ya zauna da wani malamin fiƙihu da suka yi karatu tare, ya dawo da bayanin da ni kaina ban sani ba duk da a ƙasar aka haife ni. Ashe kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a Khartum aka kafa shi, a 1979, Bankin Musulunci na Faisal ne ya kafa. Malamai irin su Shaihi Siddiƙ al-Darir na Jami'ar Khartum su suka shimfiɗa masa ƙa'ida. A 1985 majalisar malaman fiƙihu da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba amma ta taimakekeniya ta halatta, a 1992 kuma doka ta mai da dukan kamfanonin inshora na Sudan bisa wannan tsari. Bambancin, in ji Kawu, shi ne kuɗin da ka zuba ba ciniki ka yi da kamfani ba, gudummawa ka saka a asusun da ku masu zubin ke da shi tare. Wanda masifa ta faɗa wa a cikinku a ɗiba a ba shi. Kamfani ɗan aiki ne mai riƙe asusun. In shekara ta ƙare, aka biya masu asara, aka cire kuɗin gudanarwa da na ajiya, rarar da ta saura ta masu zubi ce. Shi da kansa ya kawo hadisin Ash'ariyyawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi guda su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Je ki yi. Amma gudummawar da banki ya tsaya a kanki kika bayar, kada ki sa ran lada mai yawa a cikinta." Har ya koma ga Mahaliccinsa bai janye wannan maganar ba, ni ma ban ga dalilin da zai janye ba.

Kafin a ba ni takarda sai da kamfanin ya turo likitan dabbobi. Saurayi ne siriri mai gilashi, bai zauna shan shayi ba sai da ya zagaye rumfar. Ya ce wayar ta yi faɗi, tantabara da gwara na shiga su ci su yi kashi, a canza. Ya ce a haƙa ɗan rami a bakin ƙofa a riƙa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta kowa ya tsoma takalmi. Ya hango kajin gida uku na yarana suna tono, ya ce, "Ya Hajja, ko su ko mu." Aka yanka su ranar. Ya ce kajin nama rukuni guda ake zubawa a fitar da su rukuni guda, a share, a wanke, a bar keji ya huta kafin a kawo wasu, ba a haɗa manya da ƙanana. Sannan ya miƙo mini littafi mai layi layi: kullum a rubuta nawa suka mutu, buhu nawa aka ci, yaushe aka yi rigakafi, kuma kwalaben rigakafin ko sun ƙare a adana su saboda lambar da ke jiki.

A raina na ce wannan yaro ya mai da ni 'yar makaranta. Yau in aka tambaye ni abin da inshora ta fi amfana ta da shi, littafin nan zan nuna kafin kuɗi. Da shi na gane wane mai ƙyanƙyasa ke ba ni tsaki masu ƙwari, wane ne nasa ke zubewa a makon farko. Da shi na gane kazar nama in ta wuce kwana 35 zuwa 42 ci take yi ba ta ƙara abin da zai biya abincin. Kamfanin ba don ƙaunata ya sa ni wannan ba, asusunsa yake karewa. Amma amfanin a kejina ya tsaya.

Takardar kanta ɗana na fari ya karanta mini ita layi layi, kuma ina roƙon duk mai shiga wannan harka ya sami wanda zai yi masa haka. Tawa ta ce ba a biyan waɗanda suka mutu a kwanakin farko, wannan tsakaninka da mai ƙyanƙyasa ne. Ta ce akwai wani kaso na mace-mace da ake ɗauka na al'ada ne a kowane keji, sai abin da ya haura shi ake lissafawa. Ta ce ana kimanta kaza gwargwadon kwanakinta, wato kuɗin tsako da abin da ya ci zuwa ranar da ya mutu, ba kuɗin da ka yi mafarkin sayar da shi ba. Ta ce in annoba ta shigo a sanar da su nan take, kada a binne gawa sai likitansu ya gani. Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, aka jera abin da ba ruwansu da shi: sakaci, satar ma'aikaci, faɗuwar farashi, tarzoma da yaƙi. Da ya zo kan yaƙi dariya muka yi. Yaƙi a lokacin abin Kudu ne da Darfur, wa zai kawo shi Jazira?

Shekaru suka yi ta tafiya ina zubi ba na karɓar komai, sai ɗan ragin da akan yi mini a zubin shekara mai zuwa da sunan rara, wanda bai taka kara ya karya ba. Na faɗaɗa keji, na kai ina zuba wajen dubu biyu a rukuni, na sa fanka da injin wuta. Maƙwabcina, wanda shi ma ke kiwo amma da bashin mai sayar da abinci yake yi ba na banki ba, kullum in ya gan ni sai ya ce, "Hajiya mai ciyar da 'yan ofis."

A 2014 cutar kaji ta Gumboro ta shigo mana mu biyu. Kajina suna cikin mako na huɗu. Da safe na ga sun takure, gashi a tashe, suna zawo fari kamar ruwa, wasu na tsattsagar bayansu. Kafin la'asar mun fara kwasa da baro. Na yi musu rigakafi a kan lokaci, kwalaben na nan, amma rigakafin nan ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, in ya sha zafi a hanya ko a firijin da wuta ta ɗauke masa, ruwa kawai ka ba kaji. Na buga waya a ranar. Likitan ya zo washegari, ya feɗe wasu a gabana, ya nuna mini wata 'yar jaka da ke saman dubura ta kumbura, ya ce ita ce ciwon ke ci, kuma ita ce ke gina garkuwar jikin tsako, shi ya sa waɗanda suka tsira sukan zama abin tausayi, kowace cuta ta zo ta same su a buɗe. Ya ɗauki samfur aka kai ɗakin binciken dabbobi na Soba a Khartum. Ya ƙirga gawa, ya gwada da littafina, ya ɗauki hoton kwalabe. Fiye da sulusin kejin ya tafi.

An biya. Ba da sauri ba, kuma ba duka ba, sai da aka zare kason al'ada aka lissafa da kwanaki. Kuɗin ma ban riƙe shi a hannu ba, banki aka tura wa kai tsaye. Amma cak ɗina bai dawo ba. Riba ta rukunin nan ta tafi, wahalata ta tafi a banza, sai dai na kwana a ɗakina, kuma bankin ya sake ba ni tsaki. Shi kuwa maƙwabcina, mai sayar da abincin kaji ya matsa masa, ya sayar da kwanon kejin da injinsa, bai isa ba, ya bar iyali ya tafi haƙar zinariya can Arewa. Ban yi masa dariya ba, Allah ya sani. Matarsa ƙawata ce.

Daga nan na zama mai wa'azin inshora a unguwa, har sai da 2018 ta rage mini murya. Shekarar ce man fetur da gas suka yi wuya, motoci na kwana a layi a gidajen mai. A watan Mayu zafin Jazira kan haura digiri 40 ba wasa. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kansa wajen digiri 41 ne, haki kawai take yi ta fitar da zafi, kuma wadda ta yi nauyi ta kusa kasuwa ita ce ta fi saurin faɗuwa. Wata rana wuta ta ɗauke tun hantsi. Injin na nan lafiyarsa ƙalau, tankinsa a bushe, ɗana yana layin mai da jarka tun daren jiya. Muka jiƙa buhuna muka rataya, muka yi ta watsa ruwa a kwano, muna fifita da kwali ni da 'yan mata. Tsakanin azahar da la'asar manyan suka yi ta kifewa, baki buɗe. Waɗanda suka rage kwana kaɗan a kai su kasuwa.

Wannan karon wani ma'aikaci ne ya zo tare da likitan, mutumin da ya sha cin abinci a gidana, yana ce mini Hajja uwarmu. Ya buɗe takarda ya nuna mini inda aka rubuta cewa asarar zafi ana biyanta ne in akwai injin ko-ta-kwana mai aiki a lokacin. Na ce injin ga shi. Ya ce bai yi aiki ba. Na ce ƙasar ce ba mai. Ya ce, "Wallahi na sani, ni ma a ƙafa na zo rabin hanya, amma ba ni na rubuta ba." Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ko fam ɗaya ba a ba ni ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Bisa takarda suna da gaskiya. Amma an rubuta takardar ne domin ƙasar da in ka je gidan mai za ka samu, kuma da ƙasar ta canza ba wanda ya zo ya ce mu zauna mu gyara. Zubi dai ba su fasa karɓa ba. 'Yan kunnena na zinariya da awarwaron aurena su suka biya bankin. Tun daga shekarar na daina barin kaji su yi nauyi a Afrilu da Mayu. Ko in fitar da su kafin zafi ya kankama, ko in bar keji ya huta. Na shafe kwano da farar ƙasa, na rage yawansu, na koma ba su abinci da asuba da dare, da rana ruwa mai sanyi kawai.

Sai kuma abin da ya fi zafin rana cin mutum a ɓoye, wato faɗuwar kuɗi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin Sudan, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin hukuma, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin 100. Inshora da adadin kuɗi ake rubuta ta ranar da aka sa hannu. A shekarar na yi wata asarar ta ciwon numfashi, ba babba ba, aka amince za a biya. Kafin takardu su je Khartum su dawo watanni sun shuɗe, kuɗin da aka kimanta zai maye mini kajin bai sayi rabinsu ba. Ba wanda ya cuce ni da gangan. Kuɗin ne ya narke a hanya. Mai abinci kuwa da safe farashi ɗaya, da yamma wani, saboda sinadarin da ake haɗawa da dawa da ƙuli daga waje ake shigo da shi, da dala.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Manyan kamfanonin kaji da wuraren ƙyanƙyasa mafi yawansu a kewayen Khartum suke, sai tsaki da rigakafi suka yi wuyar samu. Madani kuma ta cika da 'yan gudun hijira, makarantu da gidajen dangi duk mutane, kowa na neman abin ci. Wanda ke da kaza a lokacin ya sayar da daraja. Na lallaɓa na haɗa rukuni da kuɗina ba na banki ba, ina ganin mu dai Allah ya tsare mu. A Disamba dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Madani. Muka fita da abin da ke jikinmu, ni da 'ya'ya da jikoki, muka nufi Gadarif wajen dangin mahaifina. Na buɗe wa kajin ƙofa na zuba musu abin da ya rage, na cika mazuban ruwa, na juya. Takardar inshorar tana cikin jakar da na ɗauka, tare da takardun haihuwar yara. Ban ko buga waya ba. Na tuna layin da muka yi wa dariya.

A Gadarif na sami lokacin tunani fiye da yadda nake so. Abin da na fahimta shi ne inshora irin adashe ce: tana tafiya ne muddin mutum ɗaya ke ɗauka saura na zubi. Ranar da Gumboro ta shiga kejina, akwai ɗaruruwan masu kiwo a Jazira da Khartum da kajinsu ke lafiya, kuɗinsu ne ya tare mini cak. Amma ranar da kasuwa ta mutu a 2006, da ranar da mai ya ɓace, da ranar da fam ya faɗi, da ranar da aka shigo gari da bindiga, kowa ne ya zo ɗauka lokaci guda, har shi mai riƙe asusun yana gudun ransa. Ba asusun da zai ɗauki wannan, na Musulunci ne ko na wanene. Shi ya sa ba na zaginsu a kan yaƙi. A kan gas na 2018 ne har yau ban huce ba.

Wanda ya riƙe mu a watannin nan yayana ne da ke Jidda, tela ne, ya fi shekara talatin a can. Duk wata sai ya turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, in intanet ta yarda. Ran nan na ce masa, "Yaya, nauyin ya yi maka yawa, kai ma da iyalinka." Ya ce, "Ke dai ki yi shiru. Lokacin da Inna ke jinya wa ya riƙe ta, ni ko ke?" Ni kuma na koma soya ƙosai a bakin tasha, ina sayen ƙwai kiret ɗaya ɗaya wajen wasu ina dafawa, ni da na saba a zo ƙofata a yi layi.

Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, muka dawo bayan an ɗan natsu. Kejin ginshiƙai kawai suka rage. Kwano, waya, fanka, injin, har mazuban ruwa na roba, babu. Littattafan lissafina na same su a watse a tsakar gida, ruwan sama ya jiƙa wasu, na tattara na shanya.

Yanzu da kajin gida na sake farawa, irin na Inna, sai 'yan tsakin nama kaɗan in an samu. Mu mata goma sha da ke kiwo a unguwa mun haɗa kai. Kwalbar rigakafi ta kaza dubu ce, ba wadda ke da dubu a cikinmu, in an buɗe kuma ba ta ajiyuwa, saboda haka rana ɗaya muke sa wa, a sayo cikin ƙanƙara, yara su bi gida gida kafin rana ta ɗaga. Muna da ɗan asusu da kowa ke zuba kuɗin ƙwai biyu a mako, wadda kajinta suka mutu a saya mata tsaki, amma sai in ta yi rigakafin tare da mu kuma ta rubuta. Ni ce mai duba littafi, kuma sun ce na fi likitan nan mai gilashi tsanani. Na san iyakar asusun namu: gidajenmu a manne suke, in Niyukasil ta shigo duka za ta bi, ba mai ɗaukar wata. Wannan ne ya sa duk da abin da ya faru nake son komawa wajen kamfani in na tayar da keji, domin asusunsu ya haɗa da mutanen da ke nesa da mu.

Sai dai wannan karon da sharuɗɗana zan je. Ina son a rubuta cewa hasken rana da batir sun wadatar a matsayin wutar ko-ta-kwana, tun da su nake shirin sakawa ba injin gas ba. Ina son a kimanta kaza da farashin ranar da za a biya, ba na ranar sa hannu ba. Ina son a sa wa'adin biya a rubuce. Ɗana ya ce, "Umma, su kamfani ba a yi musu sharaɗi, su ke yi." Na ce ya rubuta mini dai da Larabci mai kyau, in mu goma sha muka shiga ofishin tare da littattafanmu a hannu za a ba mu kujera. Ya rubuta. Abin da ya rage kwano ne, shi kuma na sa a tambayo mini farashinsa a Gadarif, don na Madani ya fi ƙarfina.